Birkin faifai ga motar da ke yin gari tana kuma shiga fili: tambayoyin da aka fi yi a Yamai

Tambayoyin nan su ne masu gyaran mota don sha'awa suka fi maimaitawa a garejin Yamai. Mutum ya sayi tsohuwar BMW E46, ko Golf 4, ko Peugeot 206, yana so ya riƙa zuwa aiki da ita cikin mako, ranar hutu kuma ya gwada ta. Duk inda aka ce fili a nan, rufaffen wuri ake nufi wanda aka ba da izinin gudu a cikinsa. Hanyar Dosso da ta Tillaberi hanyoyin jama'a ne, masu amalanke da kabu-kabu da dabbobi.

Na ƙara wa injin ƙarfi. Ba sai na sa manyan faifai da etriye (ƙarfen da ke matse faifai) mai fiston shida ba?

Kafin ka fitar da ko dala, yi wannan gwaji a inda babu kowa. Kana tafiya 60, ka taka birki iyakar ƙarfinka. Idan tayoyi suka kulle, ko ka ji ABS (na'urar da ke hana taya kullewa) yana bugun tafin ƙafarka, to birkin da ke jikin motar ya riga ya fi ƙarfin tayarka. Taya ce ke riƙe kwalta, birki iyakarsa ya hana ta juyawa. Ko fiston goma ka ɗaura, a taku ɗaya motar inda ta saba tsayawa nan za ta tsaya. Mai son ta tsaya kusa, taya zai fara saya.

Duba lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayoyin hannu da yawa zanensu yana nan amma robar ta bushe ta yi tauri, rana kuma ba ta raga musu a nan.

Abin da babban birki ke ba ka shi ne juriya, taku na goma sha biyar ya zo daidai da na farko.

To me ya sa birki ke mutuwa bayan ƴan zagaye?

Zafi ne. Aikin birki gaba ɗaya mayar da gudu zafi ne. Mota mai kilo 1,300 da ta sauko daga kilomita 150 a awa zuwa 60 tana zubar da makamashi kusan kilojul 950. Gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin ɗari. In faifan gaba biyu kilo 7 ne kowane, takun nan ɗaya zai ƙara musu digiri 100 ko kusa da haka. Kafin iska ta gama sanyaya su wata kwana ta zo, an ɗora wani ɗarin a kai. Gudu kuma in ya ninka biyu, zafinsa huɗu yake ninkawa. Shi ya sa nauyin faifai yake da amfani: ƙaramar tukunya ta fi saurin tafasa a wutar da babba ba ta ko ɗumama ba.

Mutuwar birki iri biyu ce, kuma ƙafarka za ta gaya maka wace ce. In feda tana nan da taurinta amma mota ta ƙi tsayawa, ga wari kamar na ƙonanniyar roba, plaket (masu fatar da ke gugar faifai) ne suka wuce zafin da za su iya. In feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa, man birki ne ya tafasa, ya zama tururi a cikin etriye, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura fiston. Na farko a canza plaket, na biyu a canza mai. Duka biyun babu inda aka zo kan sayen sabon etriye.

Wane man birki ya dace?

Ma'aunin DOT ya ƙayyade mafi ƙarancin zafin da kowane mai zai jure kafin ya tafasa, yana sabo da kuma bayan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari. DOT 3 digiri 205 ne sabo, 140 in ya sha ruwa. DOT 4 kuma 230 da 155. DOT 5.1 shi ne 260 da 180. Na fili sun wuce haka: ATE TYP 200 yana kai 280 da 198, Motul RBF 600 yana kai 312 yana sabo, dukkansu kuma a ajin DOT 4 suke.

Lamba ta biyu ta fi shafarmu, don man birki yana jan danshi daga iska a hankali. Motar da ta taho daga Turai ta yi wata da watanni a bakin teku, ta kuma ga damina biyu a nan ba a taɓa zubar da manta ba, a lamba ta biyu take tafiya ko ƙasa. Ga gari kaɗai a canza duk shekara biyu. Mai shiga fili ya canza aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma fitar da iska kafin kowace fita. Kada a sayi mai daga buɗaɗɗiyar kwalba.

Abu biyu ba sa shiga tsarin nan sam: DOT 5, wanda na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran kuma bai dace da ABS ba duk da sunansa ya yi kama da 5.1, da koren man LHM na tsofaffin Citroën, wanda ke kumbura robobin da ba don shi aka yi su ba.

Plaket na tsere zan sa in huta?

Ba za ka huta ba. Plaket na tsere zalla sai sun yi zafi suke kamawa sosai. Da sassafe a shataletale, mai babur ya faɗo gabanka, su kuma suna sanyi, lokacin ne za ka gane. Ga ƙara, ga cin faifai, ga baƙar ƙura a jant (ƙarfen da taya ke zaune a kai). Na gari kuma in sun wuce digiri ɗari uku zuwa huɗu sukan fara sakin jiki.

Hanya biyu ce. Ko ka ɗauki na tsaka-tsaki irin Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff, su yi maka gari su kuma jure matsakaicin gudu a fili. Ko ka ajiye saiti biyu, ka riƙa canzawa ranar fita. Ta biyun ta fi ga mota mai nauyi, sai dai kowane irin plaket yana son shimfiɗa tasa fatar a kan faifai, don haka wasu ke ajiye faifai biyu su ma.

A gefen plaket da yawa akwai haruffa biyu kamar FF ko GG. Na farko kamu ne yana sanyi, na biyu yana zafi. E daga 0.25 zuwa 0.35 ne, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. In ka ga FE, kamunsa raguwa yake yi da zafi, ka bar shi ga mai zuwa kasuwa. Na Turai da aka amince da su a titi suna ɗauke da alamar ECE R90, wadda ke nufin kamunsu bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Yawancin na tsere ba su da ita.

Plaket ɗin da aka sake manna wa fata a gari, ko don gari ban so su ba, balle fili. Manne ne ke fara saki in zafi ya hau.

Faifai mai huji, mai tsaga, ko sumul?

Mai huji don ido ne. Kowane rami wurin fara tsagewa ne in ana ɗumama ƙarfe ana sanyaya shi akai-akai, kuma a nan ramukan cika suke yi da ƙura da laka. Mai tsaga yana share fuskar plaket, yana ba da kamu mai kyau a farkon taku, amma yana cin plaket da sauri. Sumul mai inganci, na ATE ko Brembo ko TRW ko Zimmermann, ya ishi mafi yawan mutane, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi a abin da dole za a riƙa canzawa.

Abin dubawa shi ne kauri da hanyoyin iska na tsakiya. Wasu faifai haƙarƙarinsu na ciki a lanƙwashe yake, akwai na dama akwai na hagu. In aka juya su, iskar da suke ja raguwa take yi.

Etriye irin na motocin tsere fa? Na ga suna da arha a intanet.

Nan ne Yamai ta bambanta da wuraren da ake rubuta tallan. Etriyen gari yana da robar da ke rufe bakin fiston don kada datti ya shiga. Da yawa daga na tsere ba su da ita, don zafi ƙona ta yake yi, kuma masu su suna kwance etriyen su wanke shi bayan ƴan fita. Ɗauki irin wannan ka shiga unguwannin da kwalta ba ta kai ba, ka sha ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ka ratsa ruwan Agusta mai ɗauke da yashi. Yashin zai zauna a jikin fiston, duk lokacin da aka mayar da fiston ciki sai ya karce robar da ke riƙe mai. Daga nan sai yoyo, ko fiston ya maƙale ya riƙe taya ɗaya.

In za ka sayi etriye mai fiston huɗu, tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko yana da robar ƙura. Ta biyu, ko ana samun robobin gyaransa. Ta uku, wane fasalin plaket yake ɗauka, kuma kamfani nawa ke yin sa. Tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma motar da ke jiran plaket daga Turai a kan jak take kwana.

In dai sai na ƙara girma, ta ina zan fara?

Daga babban yayan motarka. Kamfanoni sukan yi mota ɗaya da birki iri-iri gwargwadon injin. A E46, masu ƙananan injuna suna da faifan gaba milimita 286, 325i tana da 300, 330i kuma milimita 325 mai kaurin 25. Faifai da etriye da mariƙinsa na 330i suna hawa kan 325i da kusoshinsu na asali, sai dai suna son jant 17. A Golf 4, mai faifai 288 tana komawa 312 irin na Audi TT da canjin mariƙi da faifai kawai, etriyen bai canza ba, jant 16 ya isa. Mai 256 ko 280 sai ta canza har ƙafar da ke riƙe etriye. Peugeot 206 ma haka: akwai 247, akwai 266 na S16, akwai 283 na RC.

Wannan hanya ta fi mini kowace. Injiniyoyin kamfani sun riga sun gwada ta, robobin ƙura suna nan, bakaniken unguwa ya san ta, kuma in ka je Katako ko wurin masu kayan hannu ka ambaci sunan mota za a gane abin da kake nema.

Filin da muke samu na jar ƙasa ne, ba kwalta ba. Lissafin ɗaya ne?

A'a. A fili mai kwalta irin Dakar Baobabs da ke Sindia a Senegal, taya tana kamawa sosai, birki yana shan wuya. A jar ƙasa taya ce ke fara zamewa tun birki bai yi wani aiki ba. Dubi motocin gasar rali ta duniya: a kwalta jant 18 suke sawa da faifai har milimita 370, a tsakuwa kuma su koma jant 15 da faifai wajen 300. Babban faifai yana tilasta maka babban jant da siririyar taya, abin da rami da dutse suka fi so ke nan. Mai jar ƙasa ya bar girman faifai yadda yake, ya kashe kuɗinsa a taya, da mai, da kare tiyoyi daga duwatsu.

Yaya zan tabbatar kayan za su shiga?

Auna, kada ka dogara da hoto. Ramukan kusoshi su dace: Peugeot 206 4x108 ce (ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 108), Golf 4 5x100, E46 5x120, tsofaffin Mercedes 5x112. Ramin tsakiya ma haka, 65.1 a Peugeot, 57.1 a Golf, 72.6 a BMW. Sai tsayin hular faifai, wanda ke sa shi ya zauna daidai tsakiyar etriye. Jant kuma faɗinsa kaɗai bai isa ba, etriye mai fiston huɗu yana da ƙiba ta waje, yakan taɓa ƙafafun jant. Kamfanonin kirki suna ba da zanen da za ka buga a takarda, ka manna a kwali, ka yanka, ka gwada cikin jant kafin ka biya. A bar aƙalla milimita 3 ta kowane gefe. Ka tuna da tayar safaya, kada ranar faci ta ƙi shiga gaba.

Na sa manyan etriye, feda ta yi nisa. Iska ce?

Wataƙila. Fara duba ko an juya na dama da na hagu: bakin fitar da iska dole ya kasance a sama, in yana ƙasa ko kwana aka yi ana famfo iska ba za ta fita ba.

In ba iska ba ce, faɗin fiston ne. Etriyen asali mai fiston ɗaya na milimita 54 faɗinsa milimita murabba'i 2,290 ne. A mai fiston huɗu gefe ɗaya ake ƙirgawa. Mai 40 da 36 yana ba da 2,275, kusan daidai da na asali, feda ba za ta canza ba. Mai 44 guda biyu kuwa ya haura 3,000, ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Babban famfon birki sai ya tura mai da yawa kafin ya cika su, feda ta yi nisa. Abin da ya fi wannan muni, gaba zai kulle tun baya bai fara aiki sosai ba, sai motar ta ƙara nisan tsayawa bayan duk kuɗin da aka kashe. Etriyen da aka ciro daga babbar mota mai nauyin tan biyu aka ɗaura wa 206, yawanci haka yake ƙarewa.

In cire tambur (birkin ganga) na baya in sa faifai?

A ƙaramar mota mai jan gaba, baya ɗan aiki kaɗan yake yi, tambur mai lafiya ya isa. Faifai ya kori tambur ne saboda ya fi saurin zubar da zafi, tun da Jaguar ta ci gasar Le Mans a 1953 da faifan Dunlop, Citroën DS kuma ta kawo shi titi a 1955, amma zafin a gaba yake taruwa. In ka nace, ɗauko komai daga ƴar'uwar motar mai faifai: etriye, wayoyin birkin hannu, da bawul ɗin da ke rage wa baya matsi. Baya in ya riga gaba kullewa, mota juyawa take yi.

Tiyo mai saƙar ƙarfe yana da amfani?

Yana ƙara wa feda tauri kaɗan, musamman in na roba sun haura shekara goma. Ɗauki mai rigar leda a waje, don yashi na shiga cikin saƙar ya ci na ciki ba a gani. Bayan ɗauri a juya sitiyari iyaka dama da hagu a tabbatar bai taɓa taya ko ya miƙe ba.

Mai walda ya ce zai haɗa mini mariƙin etriye.

Ka gode masa, ka ba shi aikin ƙofa. Mariƙi guntu ɗaya ake yankowa daga ƙarfe ko alminiyon mai ƙarfi a injin sassaƙa, da awo, ba a haɗa shi da walda. Kusoshinsa su zama masu lamba 10.9 ko 12.9 a kai, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi.

Kayan hannu da na jabu, yaya ake rarrabewa?

Etriyen hannu na asali abin saye ne, in fiston bai yi tsatsa ba kuma za a sa masa sabbin robobi. Faifan hannu sai an auna: a jikinsa an buga MIN TH da lamba, kaurin da in ya kai shi an gama da shi. Plaket da tiyo da mai kuwa sababbi kawai.

Jabu ya fi yawa a manyan sunaye. Etriye mai rubutun Brembo ko AP Racing da kuɗinsa bai kai rabin na dila ba, ka san inda aka dosa. Akwai ma jan marfin roba da ake mannawa kan etriyen asali don a ce an sa Brembo. Iska yake tarewa, wani lokaci ya ɓalle ya shiga jant.

An ɗaura komai. Sai fili?

Tukuna. A wanke sabon faifai daga man da aka shafa masa, a kankare tsatsar inda zai zauna har ƙarfe ya fito fes. Sannan a horar da plaket: taku takwas zuwa goma daga 100 zuwa 20, da ƙarfi amma ba har ABS ya shiga ba, ba tare da an tsaya cik ba, sai a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki ba. Hakan ke shimfiɗa fatar plaket daidai a fuskar faifai. In takardar da ta zo da plaket ta faɗi wani tsari, ita za a bi. Ƙurar tsohon birki kuma kada yaron gareji ya hure ta da iskar kwamfuresa, a jiƙa ta a goge, huhu ba ya son ta.

Sitiyari na rawa in na taka birki. Faifan ya lanƙwashe ne?

Sau da yawa ba lanƙwasa ba ce. Mutum ya fito daga fili birki na ƙuna, ya tsaya ya danne feda ko ya ja birkin hannu, plaket ya bar tambarinsa a wuri ɗaya. Ko an ɗaura faifai a kan tsatsa. Ko an watsa wa jant ruwa a wurin wanki yana da zafi. A auna kaɗawar faifai da agogon awo, in ta wuce wajen milimita 0.05 a nemi dalili. Zagayen ƙarshe a fili a yi shi a hankali, in an tsaya a sa giya a tare taya da dutse ko katako.

Zafin Afirilu da Mayu yana da tasiri?

Yana da shi, ko da yake digiri 43 na iska ƙarami ne kusa da 500 na faifai. Man birki ne ya fi jin sa, da taya. Maganin da ya fi arha shi ne jawo iska: tiyo mai jure zafi, mai faɗin santimita 6 ko 7, daga gaban mota zuwa tsakiyar faifai ta ciki, inda haƙarƙarin ke jan ta. A toshe bakinsa in an koma gari, don kada ya zama hanyar yashi da ruwa.

A cire ABS?

A motar da ke shiga gari, a'a.

Inshora da bizit (duba lafiyar mota) fa?

Ka gaya wa kamfanin inshorarka abin da ka canza, a rubuce, ka kuma karanta takardarka, don inshorar titi galibi ba ta ɗaukar abin da ya faru a wurin tsere. A wurin bizit ana duba ko dama da hagu suna kamawa daidai, da birkin hannu, da yoyo. Wanda ya cire birkin hannu na waya ya sa na mai zalla don juya mota a jar ƙasa, ya mayar da na wayar kafin ya je, don na mai yana saki a hankali in mota ta daɗe a ajiye.